Tsofaffin Mbare da Aikin Kasa Kunne

A harabar ƙananan asibitocin unguwa na birnin Harare, babban birnin ƙasar Zimbabuwe, can gefe inda hayaniyar masu jiran magani ba ta kaiwa sosai, galibi a gindin wata itaciya, akan tarar da bencin katako da wata dattijuwa zaune a kai, riƙe da ɗan littafin rubutu. Idan mutum ya zo ya zauna kusa da ita, ba ta auna jininsa, ba ta rubuta masa ƙwaya, ba ta yi masa allura. Iyakarta ta gaishe shi da harshen Shona, ta tambaye shi ko zai yarda ya ba ta labarinsa, sa'an nan ta kama bakinta. Tun cikin 2006 ake wannan aiki, wanda duniya ta sani da sunan Friendship Bench, watau bencin zumunci, kuma ko da yake mai kallo daga nesa zai ɗauka hira ce irin wadda tsofaffi suka saba yi a ko'ina, likitoci sun auna shi da ma'aunin da suke auna magunguna, sun kuwa tarar yana warkarwa.

Asalin al'amarin baƙin ciki ne. Dakta Dixon Chibanda likitan ƙwaƙwalwa ne a Harare, ɗaya daga cikin 12 da ya ce ƙasar take da su ga mutum wajen miliyan 14, a wani jawabi da ya yi a Amurka cikin 2017. A shekarar 2005 akwai wata budurwa daga wani gari mai nisa wadda ta taɓa yunƙurin halaka kanta, aka ceto ta, aka yi shawara cewa idan an sallame ta za ta zo Harare ya duba ta. Kwanaki suka shuɗe ba ta zo ba, har ran da mahaifiyarta ta buga masa waya ta shaida masa cewa yarinya ta kashe kanta. Da ya tambayi abin da ya hana su zuwa, sai uwar ta ce ba su da kuɗin mota, abin da bai wuce dala 15 ba. A wannan shekarar dai gwamnatin Robert Mugabe ta ƙaddamar da rusau ɗin da aka kira Murambatsvina, katafila ta bi unguwannin talakawa tana baje ɗakunan langa-langa da rumfunan 'yan tireda, har wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya, Anna Tibaijuka, ta ƙiyasta cewa mutum wajen 700,000 sun rasa muhalli ko sana'a ko duka biyu. Unguwar Mbare, wadda tana cikin mafiya daɗewa a birnin, mai babbar kasuwa da babbar tashar mota, tana cikin wuraren da abin ya fi yi wa ɓarna. Da Chibanda ya nemi hukumar lafiya ta birnin ta taimaka a yi wani abu game da damuwar da ta addabi mutane, sai aka shaida masa cewa kuɗi babu, ma'aikatan jinya aikin ƙanjamau da na masu haihuwa ya sha kansu, ɗakunan asibiti kuma duk a cike suke. Abin da za a iya ba shi shi ne filin harabar asibiti da tsofaffin mata 14 waɗanda dama suke zagaya gidaje suna wayar da kan jama'a a kan tsabta da rigakafi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne cewa wanda aka fara koya wa sauraro shi ne likitan da kansa. Ya zo da ilminsa na jami'a da kalmomin littafi, ya raɗa wa bencin da aka ajiye a harabar suna mai nuni da lafiyar ƙwaƙwalwa, mutane kuwa suka ƙaurace masa, domin babu mai son maƙwabta su gan shi zaune a kujerar mahaukata. Tsofaffin ne suka gaya masa gaskiya, cewa sunan nan ba zai karɓu ba, kuma kalmomin da yake so su haddace ba su ne mutanen Mbare suke faɗa ba idan zuciyarsu ta ƙuntata. Mutumin can ba ya cewa yana da ciwon damuwa. Cewa yake tunani ya yi masa yawa, abin da suke kira kufungisisa, ko kuwa ya zo da ciwon kai da ciwon ciki da rashin barci waɗanda an sha ba shi ƙwaya a kansu ba su tafi ba. Dama tun cikin shekarun 1990 wani likita ɗan Indiya, Vikram Patel, tare da abokan aikinsa a Harare, sun zauna da marasa lafiya da ma'aikatan jinya da masu maganin gargajiya sun tattara irin lafuzzan da jama'a suke kwatanta wahalarsu da su, suka tsara tambayoyi 14 da harshen Shona waɗanda ake amsawa da e ko a'a: ko a makon da ya wuce tunani ya yi maka yawa, ko barci ya ƙaurace maka, ko ƙaramin abu yana tunzura ka, ko kuka yana zo maka, ko ka taɓa jin gara ka mutu. Da waɗannan tambayoyi ake tantance wanda za a tura wa tsohuwa.

Ga yadda zaman yake gudana. Mace ta zo, a ce, goye da yaro, ta zauna a ƙarshen benci tana kallon ƙasa. Tsohuwa ta gaishe ta, ta tabbatar mata cewa abin da za a faɗa a nan ba zai bar nan ba, ta ce mata ta fara daga duk inda ta ga dama. Sai magana ta fara fitowa a harɗe: miji ya tafi Afirka ta Kudu neman aiki ya daina aike, mai gida yana neman kuɗin haya, an koro babban yaro daga makaranta, an auna jininta an ce tana ɗauke da cutar ƙanjamau ba ta gaya wa kowa ba. Idan ta yi kuka a bar ta ta yi, idan ta yi shiru a jira ta. Tsohuwa tana ɗan rubutawa, kuma idan mai magana ta gama, sai ta maimaita mata abin da ta ji ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ta ko haka ne, ko akwai abin da ta tsallake. Mutum da yawa a nan ne suke fara jin wahalarsu a jere, da bakin wani, alhali a dā dunƙule take a ƙirji ba ta da kai ba ta da gindi. Sa'an nan sai tambayar da ita ce ginshiƙin aikin duka: a cikin waɗannan, wanne kike so mu fara da shi? Tsohuwa tana iya ganin cewa maganar cutar ita ce mafi girma, matar kuwa ta ce kuɗin makarantar yaro ne yake hana ta barci. To, da kuɗin makaranta za a fara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za a bi hanyoyin da ita matar ta kawo da kanta, a auna kowace, ta zaɓi guda wadda za ta iya aikatawa kafin mako ya zagayo, ko zuwa wurin shugaban makaranta neman a ɗaga mata ƙafa, ko tuntuɓar wata 'yar'uwa. Zama shida ake yi, kowanne kamar minti 30 zuwa 45, na farko yakan fi tsawo. Damuwa kamar zare ce da ya cukurkuɗe, wanda ya fizge shi ya ƙara ƙulle shi, sai an bi a hankali an samo bakinsa.

Wanda ya san tsofaffi ya san cewa mafi wuyar abin da aka nema daga gare su shi ne riƙe nasiha. Mace ta shekara sittin tana gaya wa 'ya'ya da jikoki abin da za su yi, ta ga aure ta ga mutuwarsa, ta ga haihuwa ta ga rashi, yau kuma a ce mata amsar tana kan harshenta amma kada ta furta, ta yi tambaya kawai. Wannan horon nafsi ne babba. A nan ne nake ganin labarin Harare ya taɓo mu, domin mu Hausawa Allah ya hore mana kalma mai daraja wadda muke gaggawar fitarwa tun lokacinta bai yi ba. Yarinya ta yi yaji ta zo gida, ta durƙusa gaban mahaifiyarta, ta ce, "Inna, wallahi abin da nake gani a gidan nan…" kafin ta kai aya an tare ta: "Ki yi haƙuri, 'yar nan, zaman aure ɗan haƙuri ne, mu ma haka muka zauna." Magidanci ya karye a kasuwa, ya sami amininsa bayan sallar isha'i ya fara, "Alhaji, kwana biyun nan ba na barci," sai a ce masa, "Haba Malam, sai ka ce ba musulmi ba? Ka bar wa Allah." Babu ƙarya a cikin ko ɗaya daga maganganun nan, haƙuri da tawakkali kuwa suna cikin manyan maƙamai na addini, illa dai an faɗe su kafin a san abin da za a yi haƙurin a kansa, shi ya sa mai kukan yake fahimtar cewa an ce masa ya yi shiru ne, ya tashi ya tafi da kayansa, wani lokaci har da ƙarin zargin kansa da raunin imani. Sau da yawa, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, kanmu muke ceto da wannan gaggawa, domin zama da baƙin cikin wani abu ne mai nauyi.

Magabata ba haka suka koyar ba. Malaman sira sun kawo labarin Utba ɗan Rabi'a, ɗaya daga cikin shugabannin Ƙuraishawa, wanda ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tayin dukiya da sarauta, har da tayin nema masa mai magani idan wani abu ne yake taɓa shi, muddin zai bar kiran da yake yi. Magana ce mai cike da raini, amma ba a katse shi ba har ya kai ƙarshe, sa'an nan aka kira shi da alkunyarsa, Abul Walid, aka tambaye shi ko ya gama, kafin a karanta masa farkon surar Fussilat. An kuma ruwaito daga Aɗa'u ɗan Abi Rabah, malamin Makka a zamanin tabi'ai, cewa saurayi yakan kawo masa hadisi ya kasa kunne kamar bai taɓa jin sa ba, alhali ya san shi tun ba a haifi saurayin ba. Kowane almajiri kuma ya san izun Ƙad Sami'a, wanda ya buɗe da ƙarar da Khaulatu 'yar Sa'alaba ta kai a kan mijinta Ausu ɗan Samit bayan ya yi mata zihari. Nana A'isha tana cikin ɗakin amma wani sashe na maganar ya kuɓuce mata, Ubangiji kuwa ya ji duka ya saukar da hukunci. Masu tafsiri suna ƙarawa da cewa bayan shekaru, Sayyidina Umar yana halifa, wata tsohuwa ta tsayar da shi a hanya ta daɗe tana yi masa magana, manyan mutane suna tsaye suna jira, da aka yi masa ƙorafi sai ya sanar da su cewa ita ce Khaulatun nan, kuma wadda aka saurara daga sama ba shi ne zai ƙi saurarenta ba. Ladabin istima'i babi ne sananne a littattafan tarbiyya. A aikace ne muka bar shi ya rage ga ɗalibi a gaban malami, muka manta cewa babba ma ana binsa bashin kunne.

Mu koma Harare. Labari mai daɗi ba hujja ba ne a wurin likitoci, saboda haka a 2014 da 2015 aka yi gwaji irin wanda ake yi wa sabon magani, da kuɗin wata gidauniya ta ƙasar Kanada da haɗin gwiwar masana daga jami'o'in Landan. An ɗauki asibitocin unguwa 24, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, aka shigar da mutum 573 waɗanda suka amsa da e a tambaya 9 ko fiye daga cikin 14 ɗin nan. Mafi yawansu mata ne, kuma kusan kashi 42 cikin ɗari suna ɗauke da ƙanjamau. Rabi aka tura su benci, rabi kuma aka ba su kulawar da aka saba tare da ɗan ƙari, watau ganin ma'aikaciyar jinya da bayani a kan ciwon da magani idan ya kama. Bayan wata shida aka sake auna su, sakamakon kuwa ya fito a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, JAMA, cikin Disamba 2016: a cikin waɗanda suka zauna da tsofaffi, kimanin kashi 14 cikin ɗari ne suka rage da alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin kashi 50. Tazara ce wadda ba kasafai ake ganin irinta ba a wannan fanni. Adalci dai shi ne a faɗi cewa gwajin bai raba tsakanin amfanin sauraron da amfanin tsarin warware matsala da amfanin taron waɗanda suka zauna a benci, wanda ake shiga daga baya, ba, duka a haɗe aka auna su, kuma wata shida ba rayuwa ba ce. Amma ko mai tsananin shakka ya yarda cewa matan da aka yi wa horon kwanaki ƙalilan, waɗanda karatunsu bai wuce na sakandare ba, sun yi abin da ake zaton sai mai digiri.

Ba su ne farkon waɗanda suka ba masana mamaki ta wannan fuska ba. A Landan, cikin Nuwamba 1953, wani limamin Kirista mai suna Chad Varah ya sa lambar wayar majami'arsa a jarida domin duk wanda yake tunanin kashe kansa ya kira, ya kuma sami 'yan sa kai da suke ba masu jiran ganinsa shayi suna zama da su. Ba a daɗe ba ya lura cewa da yawa sukan tashi su tafi gida bayan shayin da hirar, ba su ƙara bukatar ganinsa ba. Cikin 1954 ya miƙa wa 'yan sa kan aikin, daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali, kuma har yau ƙa'idarta ita ce ba a gaya wa mai kira abin da zai yi.

Me ya sa tsofaffi mata? Dalili na zahiri shi ne ba sa tashi: saurayi idan aka horar da shi gobe ya sami aiki a Johannasbag ya tafi, tsohuwa kuwa a unguwar za ta mutu. Amma akwai dalili na baɗini wanda ya fi wannan ƙarfi. Matan nan sun ga yaƙin neman 'yanci wanda ya ƙare da samun mulkin kai a 1980, sun binne 'ya'yansu a shekarun da ƙanjamau take kwasar matasa suka riƙi jikoki marayu, sun ga hauhawar farashin 2008 lokacin da takardar kuɗi ta zama abin shara, sun ga kwalarar da ta biyo baya ta kashe mutum fiye da 4,000, rusau ɗin nan ma a kansu aka yi shi. Likita yana zaune a bayan tebur, an kuma koya masa kada ya buɗe wa marar lafiya cikinsa. Tsohuwa kuwa a katako ɗaya take zaune da mai kuka, kafaɗa da kafaɗa, kuma idan ta ga da amfani takan ce ita ma ta taɓa rasa ɗa, ta faɗa a taƙaice ta mayar da magana ga mai ita. Wanda ya zo yana jin cewa shi kaɗai Allah ya jarraba, ya tashi ya san cewa jarrabawar gadon 'yan Adam ce. An yi fargabar cewa kwasar baƙin cikin mutane kullum zai karya tsofaffin, sai binciken da abokan aikin Chibanda suka yi ya nuna cewa masu alamun damuwa a cikinsu kaɗan ne, su da kansu kuma suna cewa aikin ya ba su dalilin tashi da safe da daraja a unguwa.

Kada dai a wuce gona da iri. Sauraro ba ya biyan kuɗin haya, kuma da yawa daga cikin abin da ake kawowa benci sunansa talauci. Masu shirin sun gane haka, shi ya sa bayan zaman farko-farko ake gayyatar mutum cikin wani taro na waɗanda suka riga shi zama a bencin, inda ake hira ana saƙa jakunkuna da kwarashi daga tsofaffin ledoji a sayar. Wanda kuma ya nuna alamar zai cutar da kansa, ko hankalinsa ya gushe, ba a barin sa a hannun tsohuwa, sama ake miƙa shi wurin ma'aikaciyar jinya ko likita. Akwai kuma abin da ni nake ganin haɗari ne, watau hukumomi su sami tsofaffi masu arha su fake da su, su ƙi horar da likitoci su ƙi sayen magani. Alawus ɗin da ake ba irin waɗannan mata a ƙasashenmu ba ya kai ko'ina, kuma wanda aka ɗora wa fardu kifaya na al'umma duka ya cancanci haƙƙinsa. Shirin ya yaɗu zuwa Malawi da Zanzibar da Kenya da wasu biranen Amurka, har a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar an kafa benci 32, ɗaya ga kowace ƙasa mai wasa, domin jan hankali ga lafiyar zuciya. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai kafinta yana iya ƙera benci a yini guda, mai zama a kai ya yi shiru na minti 45 shi ne ake daɗewa ba a samu ba.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya sauke marasa lafiyar asibitin Aro na Abekuta a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da ɗan'uwansa, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, bisa fahimtar cewa mutum a cikin mutane yake warkewa. Amma sai a Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma mutumin karkara a Arewa har yanzu tsakaninsa da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko Dawanau ko Barnawa ko Maiduguri akwai kuɗin mota irin wanda ya gagari uwar budurwar nan ta Zimbabuwe. Tsofaffi kuwa muna da su, ga ungozomomi, ga malaman Islamiyya mata, ga gwaggo da iya a kowane gida. Abin da zai fi ba mu wuya, a ganina, amana ce. Garuruwanmu kowa ya san kowa, kuma matar da za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ko kishiyarta tana bukatar yaƙini cewa ba za ta ji shi a gidan suna ba mako mai zuwa. Duk wanda zai kafa irin wannan benci a nan, tilas ya fi ba da ƙarfi wajen zaɓen mai riƙe sirri fiye da mai iya magana, ya kuma sa mai duba aikinta kamar yadda ake yi a Harare. Sai kuma a yi tunanin wurin da za a ajiye shi, domin a inda mace ba ta fita sai da izinin miji, wataƙila ranar awon ciki ko ranar rigakafin yara ce kaɗai za ta iya ƙara minti 45 a waje ba tare da an tambaye ta inda ta tsaya ba.